Fuskar da Kadiri Mai Hoto Ya Juya

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Kadiri Mai Hoto a Malumfashi ya san hannunsa kafin ya san kyamararsa. Ba ya ɗaukar mutum yadda ya zo. Sai ya zagayo ya kama haɓarka da yatsu biyu, ya ɗan juya ta hagu, ya ɗan ɗaga ta sama, ya ja da baya yana kallonka kamar mai taya rago, sa'an nan ya dawo ya ƙara juyawa. Alhaji ne kai ko ɗan makaranta, duk ɗaya. An ce wani tsohon alƙali ya taɓa buge masa hannu, amma da hoton ya fito shi da kansa ya aiko a ƙara wanke masa. Shi ya sa in ka shiga gidajen garin ka dubi hotunan da ke bango, sai ka ga kowa ya karkata kai iri ɗaya, sai ka ce 'yan uwa ɗaya.

Sunansa na yanka Quadri, bakin mutanen gari ne ya mai da shi Kadiri. Babansa, Adekunle, ya zo daga kudu yana sayar da kayan keke tun lokacin da auduga take auduga. Uwarsa, Omowunmi, tana da rumfar kwanuka da robobi a kasuwa. A nan aka haife shi, a nan ya yi wayo, Hausarsa ta fi Yarbancinsa nesa ba kusa ba. Idan ya je garin iyayensa sai a kira shi Bahaushe, a nan kuma in rai ya ɓaci a tuna masa cewa shi ɗan Yarbawa ne. Wannan abu ya daɗe yana ci masa rai, ko da yake dariya yake yi in an faɗa.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tuna masa ba. Inna Hajo, mai daddawa, daga Unguwar Tsamiya, wani ɗan ƙauye a bayan Gozaki. Kowace ranar kasuwa a rumfar Omowunmi take sauke kayanta. Shekarar da ciwo ya kwantar da Omowunmi, Hajo ce ta ɗaure Kadiri a bayanta ta tafi da shi ƙauye, ya yi damina guda yana shan kununta. Tun daga nan ba ta da sunan da take kiransa da shi sai "ɗan goyona", har ya yi furfura a gemu. Da Adekunle ya rasu, dangi suka so a kai gawa gida, sai aka tarar ya bar wasiyya a rufe shi inda ya ci ya sha. Mijin Hajo, Malam Bature, shi ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Kadiri yana tsaye a baki ya ga yadda dattijon ya kwantar da babansa a gefen dama, ya sa hannu a hankali ya daidaita fuskarsa ta dubi gabas.

Kuma Hajo ce ta buɗe masa ƙofofi. Gidan da namiji baƙo bai isa ya wuce zaure ba, Kadiri yakan shiga har tsakar gida ranar suna ko biki, don kawai an ce ɗan Hajo ne. Da wannan ya yi suna, ya yi aure, ya kama shago a bakin titi ya rataye labule mai hoton teku da jirgin ruwa.

Sai waya ta zo ta kashe masa kasuwa. Yanzu ko yarinyar da ke tallar gyaɗa tana ɗaukar kanta da kanta. Abin da ya rage masa hoton fasfo ne, sai kuma masu kawo ɗan ƙaramin hoton mamacinsu a ƙara masa girma. Yini yake yi a kan benci yana korar ƙuda, Rabe tela, maƙwabcin shagonsa, yana tsokanarsa wai ya sayar da kyamarar ya sayi keken ɗinki ya zo ya koyi sana'a. Kadiri ba yunwa ce ta fi damunsa ba. Abin da ke damunsa shi ne ba wanda yake tsayawa ya ce kai, wa ya ɗauki wannan.

Ana cikin haka, bayan an gama kaka an cire kara daga gonaki, wasu masu binciken tarihi suka zo daga wata jami'a. A bayan Unguwar Tsamiya akwai wani tudu, tsohon kufai, inda garma take tono tsingaro kowace shekara. Mutanen ƙauyen sun ce can kakanninsu suka fara zama kafin su gangaro kusa da rafi. Shugabar masu binciken, Dakta Amina, mace ce mai ƙarancin magana. Wanda yake ɗaukar musu hoto ya kwanta zazzaɓi aka mai da shi gida, ta nemi mai unguwa Haladu ya samo mata wanda ya iya aikin kuma ake iya amincewa da shi. Hajo tana jin labari ta sa mayafi ta tafi ƙofar mai unguwa ta ce ba sai an je nesa ba, tana da ɗa.

Aikin ya ba Kadiri mamaki, kuma ya gundure shi. Mutane ne manya da karatunsu, sun durƙusa cikin rami suna kankare ƙasa da cokalin birkila da buroshi, abin da ɗan ƙauye zai gama da sungumi kafin hantsi su sai su yi mako a kansa. In sun tarar da abu, ko bakin tulu ne ko dutsen niƙa, sai a ajiye wata sanda mai zanen ja da fari a gefensa don a san girmansa, a ajiye ɗan allo mai kibiya da ke nuna arewa, sa'an nan Kadiri ya hau tsani ya ɗauka daga sama. Doka ɗaya Dakta Amina ta kafa masa tun ranar farko, kuma ta maimaita: kada ya taɓa komai. Ta ce yadda abu yake kwance shi ne labarinsa, in an motsa shi an goge labarin. Ya ce to, ranki ya daɗe, a zuciyarsa yana cewa wa zai taɓa fasasshen tulu.

Wata rana, ana gab da azahar, buroshi ya fito da mutum.

Ƙashi ne tsaf, ya yi ja kamar ƙasar da ta riƙe shi, yana kwance a gefen damansa, hannuwa a miƙe, fuska tana duban bangon ramin ta gabas. Dakta Amina ta tsai da aiki ta aika a kira mai unguwa. Aka yi magana a bakin ramin, aka daidaita: za a auna, a ɗauki hoto don bincike kawai, hoton ba zai yi yawo ba, sa'an nan dattawa su zo a rufe bawan Allah inda aka same shi. Mai unguwa ya dubi Kadiri ya ce ai wannan namu ne, ba sai an ja masa kunne ba. Daga nan kowa ya gangara gindin tsamiya don salla da abinci. Aka bar Kadiri ya jira rana ta ɗan karkata, inuwar bango ta sauka daga kan ƙashin.

Ya kafa tsaninsa ta yamma, ya hau, ya leƙa ta cikin kyamara. Ƙeya kawai yake gani. Ya matsa, ya sake leƙawa, ƙeya dai. Shekara da shekaru bai taɓa ɗaukar ƙeyar mutum ba. Kada wani ya ce shaiɗan ne, don Kadiri da kansa bai taɓa ɗora wa shaiɗan ba. Hannu ne kawai ya yi abin da ya saba. Ya sauka cikin ramin, ya tsuguna, ya sa yatsu biyu a haɓar.

Ƙasar da ke riƙe da kan ta ruguje, muƙamuƙin ya saki ya zauna a tafin hannunsa, mara nauyi kamar busasshen ƙoƙo. Amma maimakon ya tsaya nan, sai ya juyo da kan, ya ɗan ɗaga shi, ya tokare da ɓurɓushin ƙasa, ya mai da muƙamuƙin, ya koma kan tsani. Hasken ya sauka daidai. Wallahi hoto ne, ba ƙarya. Da ya sauko zai mai da kan yadda yake, sai ya ƙi zama, gurbinsa ya riga ya rushe. Yana cikin fama ya ji muryoyi suna hawowa, ya bar shi haka ya yi tsalle ya fito yana kakkaɓe gwiwa.

Kallo ɗaya Dakta Amina ta yi ta tambayi wanda ya shiga ramin. Kowa ya ce ba shi ba. Kadiri, ɗan Hajo, wanda ake bari ya shiga tsakar gida, ya buɗe baki ya ce ya ga awaki suna kiwo a kusa. Ta daɗe tana kallonsa. Ta sa aka ɗauki ramin yadda yake, aka rufe shi da tamfol aka danne da duwatsu har dattawa su sa rana.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Amma hoton yana cikin kyamara yana kiransa. Ya ce zai wanke guda ɗaya ya gani da idonsa kawai ya yaga. Da ya fito sai ya ga ƙarami bai yi masa adalci ba, ya wanke babba. Rabe tela ya leƙo neman almakashi ya gani, ya riƙe baki, ya ce wannan ai ba abin ɓoyewa ba ne, ko a Kano ba a yi irinsa ba. Maganar da Kadiri ya yi shekaru yana jira ke nan. Kafin la'asar hoton yana cikin gilashi a jikin labulen teku, yana kallon titi.

Shagon ya cika kamar ranar salla. 'Yan acaɓa suna ajiye babura su shigo, 'yan makaranta suna tura juna, kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoton hoton. Kafin kwana biyu ya kai Funtua, ya kai Dayi, ya shiga wayar mutanen da ba su san inda Gozaki take ba. Kadiri yana tsaye a gefe yana amsa gaisuwa, cikinsa rabi daɗi rabi tsoro.

Sai wani mai ido ya lura da kibiyar. Ya ce ga arewa nan an nuna, to in nan ne arewa, wannan mutum yamma yake kallo. Shi ke nan, magana ta samu ƙafa. Ranar kasuwa duk ɗan Unguwar Tsamiya da ya shigo da buhu sai an tare shi da tsiya, wai kakanku ya juya wa gabas baya, wai ashe jiya jiya kuka koyi alwala. Da farko wasa ne irin na kasuwa, daga baya aka fara cin kwala. A ƙauye kuma samari suka ce wannan ba kakansu ba ne, a kwashe a zubar a rafi a huta da gori. Liman ya ce a dakata tukuna. Ranar da aka sa ta rufewa ta zo ta wuce, bawan Allah yana nan ƙarƙashin tamfol, rana tana dukansa.

Duk wannan Kadiri yana ji. Kullum da safe sai ya ce yau zai sauke hoton, sai wani ya shigo ya yaba, ya ce gobe. Abinci ya daina yi masa daɗi. In ya hango babur daga hanyar Kafur, wadda mutanen Unguwar Tsamiya suke biyowa, sai ya shige bayan labule yana gyaran abin da bai lalace ba.

Kasuwar da ta biyo baya Inna Hajo ta zo. Ta tsufa yanzu, ba ta ɗaukar kaya a ka, ɗan acaɓa ne ya sauke ta a ƙofar shagon. Mutanen da ke ciki suka matsa mata. Kadiri ya durƙusa zai gaishe ta, ba ta dube shi ba. Ta taka har gaban hoton, ta matso da fuskarta kusa saboda idon ya yi rauni, ta daɗe tana kallo. Sa'an nan ta juya ta dubi sauran hotunan da ke bango, amare da alhazai da 'yan makaranta, ta sake dawowa kan wannan.

"Wannan haɓar hannunka ce," in ji ta, ba da ƙarfi ba.

Shagon ya yi shiru har ana jin keken Rabe ta bango.

Sai ta sa hannu ta warware farin mayafinta, ta miƙa da ƙyar ta lulluɓe gilashin, ta cusa gefunan a bayan katakon don kada ya zame. Ta tsaya daga ita sai ɗankwali da tsohuwar riga, kafaɗunta a waje, a gaban 'yan acaɓa da yaran makaranta.

"Ko yamma yake kallo, ai mutum ne, wata ce ta goya shi," in ji ta. "Babanka ma a ƙasar nan yake kwance. Ka ga hannun da aka sa aka gyara masa fuska."

Ta fita. Kadiri ya yayumo wani yadi daga teburin Rabe ya bi ta yana Inna, Inna, ta ɗaga masa hannu ba tare da ta waiwaya ba. Haka ta ratsa kasuwar Malumfashi, ta gaban mahauta, ta gaban 'yan hatsi, matar da ko ƙofar gida ba ta taɓa leƙawa ba babu mayafi, har ta kai tasha. Yana tsaye a tsakiyar titi da yadin a hannu, yana ji kamar shi aka tuɓe. Bai taɓa sanin kunya tana da nauyi a ƙafa ba sai ranar.

Washegari da sassafe ya hau babur ya nufi Unguwar Tsamiya, mayafin a ninke cikin jakar kyamara. A ƙofar mai unguwa ya tarar da liman da dattawa, aka aika aka kira Dakta Amina. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba, ya faɗi komai: yadda ya tarar da mutumin yana duban gabas, yadda ya juya shi, ƙaryar awaki, hoton da aka ce kada ya yi yawo. Bai rage ko ɗaya ba. Wani saurayi daga baya ya fara cewa dama ɗan Yarbawa ne, mai unguwa ya daka masa tsawa ya yi shiru. Wannan kariyar da aka yi masa ta fi zagin ciwo.

Dakta Amina ta tabbatar da cewa a gabas ta fara ganin fuskar. Ta ce ta yi shiru ne don ba ta so ta ɗora wa mutum abin da ba ta gani da idonta ba, amma da ta san inda abin zai kai da ta yi magana tun da wuri. Ta ƙara da cewa yadda ƙasa ta riƙe kan nan tsawon zamani ya riga ya tafi, ba mai dawo da shi, kuma ko da yamma ta same shi yana kallo, da ladabi ɗaya za ta nemi a rufe shi. Liman ya daɗe yana jan carbi, sa'an nan ya ce hannun da ya juya shi ne zai mayar.

Aka hau tudun, aka yaye tamfol. Kadiri ya aika wa Hajo da mayafinta, aka dawo da shi da saƙon cewa ta riga ta bayar, a rufa wa mamacin. Ya sauka cikin ramin, dattawa suna tsaye a baki kamar yadda shi ya taɓa tsayawa. Ya tara ƙasa mai laushi ya yi matashi, ya ɗauki kan da hannu biyu ya kwantar, ya juya shi sannu a hankali har liman ya ce ya isa. Ya shimfiɗa mayafin daga kai har ƙafa. Aka miƙo masa hannu ya fito, aka tura ƙasa. Ba wanda ya ɗauki hoto.

Da aka watse ya gangara gidan Hajo. Tun yana rarrafe bai taɓa sallama a zauren nan ya jira ba, kai tsaye yake wucewa har gindin murhu. Ranar ƙafarsa ta tsaya da kanta. Ya yi sallama ya zauna a dakali yana jira a ce ya shigo mana, yau kuma wane sabon salo ne.

Surukarta ce ta fito da ruwa a kofin gilashi, wanda ake ajiye wa baƙi, ta ajiye ta koma. Can sai ga Hajo ta dogaro sanda, da aron mayafi a kanta, ta tsaya daga bakin ƙofar ciki. Ta tambayi iyali, ta tambayi hanya, ta yi masa sannu da aiki, ba ta rage komai daga gaisuwa ba. Ya ce Inna ki yafe mini. Ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana gaba ɗaya, kuma ya san da gaske take.

"Ka gaida gida, Malam Mai Hoto," in ji ta, ta saki labulen.

Ya zauna da kofin a hannu bai sha ba, har inuwa ta bar zauren.

Shagon yana nan har yau a bakin titi, labulen teku ya koɗe. In ka shiga ɗaukar fasfo, Kadiri zai tsaya a bayan kyamara, hannunsa ɗaya a aljihu, ya ce maka da baki ka ɗan juyo, ka ɗan ɗaga. Wasu hotunan sukan fito a karkace, masu su su yi ƙorafi, ya sake ɗauka. Ranar kasuwa yakan fito da kujera ya share ta ya ajiye a bakin ƙofa. Inna Hajo takan wuce a bayan ɗan acaɓa, ta ɗaga masa hannu da mutunci, ta sauke daddawarta a rumfar 'yan kuka.